Abin da Ya Sa Mutanen Rasha Suka Tuɓe Sarkinsu

Maganar da za mu yi yau a kan ƙasar Rasha ce, da abin da ya sa mutanenta suka tashi a shekara ta 1917 suka tuɓe Sarkinsu. Gidan sarautar nan, wanda a ke kira gidan Romanof, ya hau gado tun 1613, ya shekara 304 yana mulki. Amma ran da aka tasam masa, kwana takwas kaɗai aka yi ya rushe. Mai hankali ya ji haka ya san ruwa ba ya tsami banza. Rumbun da ya faɗi farat ɗaya, gara ta daɗe tana cinsa daga ciki. Garar nan za mu bi mu gani.

Rasha tana gabashin ƙasar Turai, ta miƙe ta ratsa arewacin Asiya duka har bakin teku na gabas. A zamanin sarakunanta, in an kasa tudun duniya kashi shida, kashi ɗaya nata ne. Ƙasar sanyi ce ƙwarai, da hunturu koguna su kan daskare har a bi ta kansu da dawaki da kaya. Da aka ƙidaya mutanenta a 1897 aka sami wajen miliyan 125, miliyan ɗaya kuwa dubu sau dubu ke nan. Cikin kowane mutum biyar, kusan huɗu manoma ne. Cikin biyar ɗin nan kuma, da ƙyar a ke samun ɗaya wanda ya iya karatu.

Sarkinsu suna kiransa Zar. Ikonsa ba shi da iyaka. Babu majalisar da za ta ce masa a'a, babu alkalin da zai ce ya ƙetare doka, gama maganarsa ita ce doka. Shi ke naɗa waziransa, shi ke korarsu. Jarida ba ta buga abin da ma'aikatansa ba su yarda da shi ba. Duk da haka talakawa suna ƙaunarsa, suna ce masa Baba. In hakimi ya zalunce su, sai su ce ai Baba bai sani ba, da ya sani da ya hana. Har suna da karin magana mai cewa Allah yana sama, Sarki yana nesa. Ku riƙe wannan a zuciya, domin ƙaunar nan ita ce ginshiƙin da ya tokare sarauta, za mu kuwa ga ranar da ya karye.

Ciwo na fari shi ne na gona. Har zuwa 1861 manoma da yawa a Rasha bayi ne. Ba kamammu ba ne daga wata ƙasa, 'yan ƙasa ne, harshensu ɗaya da iyayengijinsu, addininsu ɗaya. Mutum ya kan yi wa ubangijinsa aikin gandu, yawanci kwana uku a mako. Ba ya ƙaura, ba ya aure, sai da izininsa, a kan kuma sayar da shi. Bayan da Ingila da Faransa da Turkawa suka ci Rasha a yaƙin Kirimiya a 1856, Sarki Alekzanda na biyu ya ga ƙasar da ke tsaye bisa bauta ba za ta iya karawa da sauran ƙasashe ba. A 1861 ya 'yanta bayin manyan mutane, wajen miliyan 23.

Aiki ne mai kyau, amma an bar baya da ƙura. Masu ƙasa suka riƙe rabo mai yawa, sau da dama ma mafi kyau, har da kurmi da makiyaya. Gonar da aka ba 'yantattu ba kyauta ba ce. Gwamnati ta biya masu ƙasa, aka ɗora wa manoma su riƙa biyanta kuɗin fansa har shekara 49. Gonar kuma ba a ba mutum ita a hannunsa ba, ƙauye aka ba, ƙauye ke rarrabawa, bashi kuwa yana wuyan kowa. Saboda haka mutum ba ya barin ƙauye sai dattawa sun yarda. Jama'a ta yi ta ƙaruwa, gona ba ta ƙaru ba. Manomi ya tsaya cikin 'yar gonarsa yana hangen gandun mai ƙasa, a ransa yana cewa ƙasa ta Allah ce, wanda ya nome ta kuwa shi ya kamata ya ci. A 1891 aka yi fari a wajen kogin Bolga, yunwa ta faɗo, cutar amai da gudawa ta biyo baya, wajen mutum dubu 400 suka mutu. Gwamnati ta yi jinkirin hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, gama da kuɗin hatsin nan ta ke biyan basusukanta. Mutane suka gani, suka riƙe.

Ciwo na biyu shi ne na ma'aikata. Wajen ƙarshen ƙarnin nan aka shiga gina manyan masaƙu da maƙeru a Fitasbag, babban birnin Sarki, da Mosko. A 1891 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai ratsa Saiberiya. 'Ya'yan manoman da gona ta kasa ciyarwa suka kwararo birni neman aiki. Suka tarar da aiki mai tsanani, lada kaɗan, tara ga ɗan kuskure kaɗan, wurin kwana kuwa a cushe. Sai a 1897 aka yi doka kada aikin yini ya wuce sa'a goma sha ɗaya da rabi, ku dubi yadda ya ke kafin dokar. Ba su da izinin kafa ƙungiya, ba su da izinin ajiye aiki gaba ɗaya don neman hakki, watau yajin aiki. A ƙauye masu ƙunci a warwatse su ke. A birni kuwa sai ga dubbai ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa yana jin kukan ɗan'uwansa.

Ciwo na uku, wanda ya hana a yi wa sauran magani, shi ne toshewar kunnen sarauta. Masu ilmi, likitoci da malaman makaranta da lauyoyi, sun daɗe suna roƙo a kafa majalisa wadda jama'a za su zaɓa, kamar ta Ingila. Waɗansu suka bi koyarwar wani Bajamushe, Kal Makis, wanda ya ce ma'aikata za su karɓe mulki da dukiya daga hannun masu arziki. Waɗansu matasa suka fid da rai ga roƙo, suka koma kisa. A 1881 suka jefa wa Alekzanda na biyu bom a titin Fitasbag, ya mutu. Ɗansa, Alekzanda na uku, ya ɗauka sassauci ne ya kashe ubansa, sai ya ƙara ɗaure igiya. 'Yan sandan ciki suka cika ko'ina, wanda ya yi magana a kora shi Saiberiya. A 1887 aka rataye waɗansu samari biyar da suka ƙulla kashe shi. Ɗaya daga cikinsu yana da ƙane ɗan shekara 17, wanda duniya ta sani daga baya da suna Lenin.

Nikolas na biyu ya hau gado a 1894 yana da shekara 26. A gida mutumin kirki ne, mai ladabi, mai son matarsa da 'ya'yansa. Amma ya gaskata Allah ne ya danƙa masa iko dungum, tilas ya miƙa wa ɗansa shi ba tare da ya ragu ba. A 1895 wakilan larduna suka zo gaisuwa, suka ɗan taɓa batun a riƙa jin shawararsu, sai ya ce musu wannan mafarkin banza ne. A 1896, wurin bikin naɗinsa a Mosko, jama'a suka taru a wani fili don karɓar kyauta, aka yi turmutsitsi, fiye da mutum 1,300 suka mutu. A daren nan Sarki ya tafi wurin rawa a gidan jakadan Faransa. An ce ba da son ransa ya tafi ba, amma talakawa ba su ga zuciyarsa ba, tafiyar suka gani.

A 1904 yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Japan. Fadawa suna tsammani abu ne na kwana kaɗan, sai ga shi Japan tana cin su a tudu da ruwa. Aka aiko da jiragen yaƙi tun daga tekun Baltik, suka kewaye Afirka, suka yi wata bakwai a hanya, da isarsu a watan Mayu 1905 Japan ta nutsar da yawancinsu cikin kwana biyu. Mutane suka fara tambaya, mulkin da ya hana mu magana domin ya ce shi ke kare mu, ina kariyar?

Kafin wannan ma an yi abin da ya fi muni a gida. Ranar Lahadi, 22 ga Janairu 1905, dubban ma'aikatan Fitasbag suka fito da matansu da 'ya'yansu, wani limamin Kirista mai suna Gafon yana gaba. Ba su ɗauki makami ba. Hotunan Sarki suka ɗauka da na tsarkaka, suna waƙoƙin addini, suka nufi fada da takardar koke. Suna roƙon a rage aiki zuwa sa'a takwas, a ƙara lada, a kafa majalisa. Sun tafi ne kamar 'ya'ya wurin uba. Sarki ba ya fada a ran nan, yana gidansa na bayan gari. Soja suka tare su, suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum 130 suka mutu, jama'a suka ce sun fi haka nesa. Ko nawa ne, a ran nan ginshiƙin nan da na ce ku riƙe ya tsage. Mutumin da aka harbe ɗansa a ƙofar fada ba zai sake cewa Baba bai sani ba.

Ƙasa ta ɗauki wuta. Manoma suka ƙone gidajen masu ƙasa. Sojan ruwa na wani jirgi, Fotemkin, suka yi tawaye a kan ruɓaɓɓen nama da aka ce su ci. A watan Oktoba ma'aikatan jirgin ƙasa suka ajiye aiki, sauran suka bi, kome ya tsaya cik. Ma'aikatan Fitasbag suka zaɓi majalisar kansu, wadda su ke kira Sobiyet. Da tura ta kai bango, Sarki ya sa hannu a takarda, ya yi alkawarin 'yancin magana da majalisar dokoki, wadda aka sa wa suna Duma.

Nan Allah ya ba shi dama. Ɗan'uwansa Joji na biyar, wanda ya hau gadon Ingila a 1910, uwayensu mata ciki ɗaya ne. Shi yana sarauta, majalisa tana mulki, in abu ya ɓaci a canja waziri, Sarki yana nan daram. Nikolas bai ɗauki wannan hanya ba. Da ya ga soja suna hannunsa har yanzu, ya shiga janye abin da ya bayar. Duma ta fari ta zauna a 1906, ta ɗaga maganar gona, ya rushe ta bayan mako goma. Ta biyu ma ya rushe ta a 1907, ya sake dokar zaɓe yadda masu ƙasa za su rinjaya. Wazirinsa Sitolifin ya rataye mutane da yawa, amma ya yi ƙoƙarin ba manomi gonar kansa, a zamaninsa kuma aka daina karɓar kuɗin fansa. Aka harbe shi a 1911 aikin bai kai ko'ina ba. A 1912 soja suka harbe masu haƙar zinariya a wajen kogin Lena saboda yajin aiki, ma'aikata suka sake tashi.

Ana cikin wannan hali Babban Yaƙi ya zo a 1914. Da fari jama'a suka bi Sarki da zuciya ɗaya. Amma a watan Agusta Jamus ta hallaka rundunar Rasha guda a Tanenbag. A 1915 Rashawa suka ja da baya, ƙasar Folan ta fita hannunsu. Harsashi ya yi ƙaranci, har a kan tura soja fagen fama ba bindiga, a ce ya jira ta wanda ya faɗi. Wajen mutum miliyan 15 aka ɗiba soja cikin yaƙin nan, yawancinsu manoma. A watan Satumba 1915 Sarki ya ce shi da kansa zai shugabanci runduna. Waziransa suka roƙe shi kada ya yi, ya ƙi. Daga ran nan kowace asara ta yaƙi sunansa a ke kira.

Da ya tafi sansani, al'amuran gida suka koma hannun matarsa Alekzandara, haifaffiyar Jamus. Ɗansu namiji ɗaya ne, Alekse, yana da ciwon da in ya ji rauni jini ba ya tsayawa. Wani baƙauye daga Saiberiya, Rasfutin, mai da'awar tsarki, shi kaɗai uwar ta gaskata yana iya sauƙaƙa wa yaron. Don haka ba ta ƙetare maganarsa. An kuwa ɓoye ciwon yaron, jama'a ba su san dalili ba, sai suka ga mashayi yana shiga fada yana sa baki a naɗin manya. Aka yi ta canja wazirai, babban waziri kaɗai sau uku aka canja shi cikin shekara guda. Jita-jita ta bazu cewa matar Sarki tana sayar da ƙasa ga Jamus. Ba gaskiya ba ce, amma inda aka hana faɗin gaskiya a fili, ƙarya ba ta rasa mai saye. A watan Disamba 1916 waɗansu manya, har da ɗan gidan sarauta, suka kashe Rasfutin. Kisan bai gyara kome ba.

A birane kuwa tsada ta kai maƙura. Gwamnati ta yi ta buga takardun kuɗi don biyan yaƙi, kuɗi suka rasa daraja. Hatsi yana nan a ƙauyuka, amma manomi ya ƙi sayarwa, gama ba abin da zai saya da kuɗin. Wanda aka saya kuma jiragen ƙasa sun gaji, aikin soja ya cinye su. Da hunturun nan mata su kan fita tun da dare su tsaya layi cikin sanyi mai daskarar da ruwa, gari ya waye a ce burodi ya ƙare.

Ranar 8 ga Maris 1917 mata masu aikin masaƙu a babban birni, wanda aka sake wa suna Fetrogirad, suka ajiye aiki suka fito suna neman burodi. Maza suka bi su. Kafin kwana uku birni duka ya tsaya, kuka ya tashi daga neman burodi ya koma neman a kawar da Sarki. Rashawa suna kiran wannan tawayen Fabrairu, domin lissafin kwanakinsu na lokacin yana bayan na Turai da kwana 13. Sarki ya aiko daga sansani a kashe tarzoma. Ranar 11 ga wata soja suka yi harbi, suka kashe mutane. Shugaban Duma ya buga waya yana roƙon Sarki ya naɗa wanda jama'a suka amince da shi tun kafin lokaci ya ƙure, Sarki ya ce ba zai ko amsa ba.

Amma sojan 1917 ba na 1905 ba ne. Tsofaffin soja sun ƙare a fagen fama. Waɗanda ke birni sababbi ne, jiya-jiya aka ɗebo su daga gona da maƙera, matan nan da ke layi kuwa kamar uwayensu ne da ƙannensu. Suka kwana suna shawara. Da safe, 12 ga wata, wata ƙungiya ta ƙi fita harbi, ta kashe hafsanta, sauran suka bi, kafin dare dubbai sun koma wajen jama'a da bindigoginsu. Sarki ya hau jirgin ƙasa zai komo, aka tare hanya, jirginsa ya juya zuwa garin Fiskof. Manyan hafsoshinsa suka aiko masa cewa in ana so a ci gaba da yaƙi sai ya sauka. Ranar 15 ga Maris ya yi murabus, shi da ɗansa, ya bar wa ƙanensa Mika'ilu. Kashegari shi ma ya ƙi karɓa. Sarautar shekara 304 ta ƙare, ba wanda ya fito ya tsaya mata.

Kada ku ɗauka Lenin ne ya tuɓe Sarki. A lokacin yana gudun hijira a Suwizalan, labari ya ji. Sai a watan Afrilu ya komo. Gwamnatin riƙon ƙwarya da 'yan Duma suka kafa ta ci gaba da yaƙi, ta ce maganar gona a dakata. Lenin ya yi wa jama'a alkawarin sulhu da gona da burodi, ranar 7 ga Nuwamba mutanensa, 'yan Bolshebik, suka ƙwace mulki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Janairu 1918 suka kori majalisar da jama'a suka zaɓa, bayan zama ɗaya tak. A watan Yuli suka harbe Nikolas da matarsa da 'ya'yansu biyar. Yaƙin basasa ya biyo baya, yunwar 1921 ta kashe miliyoyi. Gonar da manoma suka samu kuwa, daga 1929 Sitalin ya tilasta musu haɗa ta cikin gandayen gwamnati, wata yunwa mai tsanani ta sake faɗowa a 1932 da 1933. Mulkin da Lenin ya kafa ya zauna har 1991. Talakawa da yawa sun guji gara sun faɗa gidan zago.

To jama'a, in aka tambaye ku me ya tayar da mutanen Rasha, ku ce ƙarancin gona, da wahalar ma'aikata, da yaƙi, da yunwa. Amma waɗansu ƙasashe ma sun sha irin wannan a yaƙin nan, sarautarsu ba ta faɗi ba. Abin da ya kā da Nikolas shi ne ya tattara iko duka a hannunsa, don haka laifi duka ya taru a kansa. An zo masa da roƙo a 1895, an zo da koke a 1905, an buga masa waya a 1917, ko wane lokaci ya mai da masu gaya masa gaskiya abokan gaba. Majalisar da ya ke gani za ta rage masa girma, ita ce da ta zama masa garkuwa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wannan magana ba ta sarakuna kaɗai ba ce, ta shafi duk wanda aka ba riƙon jama'a, ko mai unguwa ne, ko shugaban leburori, ko maigida a cikin gidansa. Masu neman hakki kuma su lura da wanda za su bi, gama rushe gini ya fi tā da shi sauƙi.

Iyakar abin da na shirya ke nan. Wanda ya ke da tambaya ya yi, mu tattauna. Allah ya ba shugabanni kunnen sauraro, ya ba talakawa bakin faɗin gaskiya, ya zaunar da mu lafiya. Amin.